Hukuncin kai iyali Landan hutun Disamba, da kuɗin da ejan zai zuba a asusu

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kano. Ƙanena yana zaune a Landan da iyalinsa, mun daɗe ba mu haɗu ba, 'ya'yana ba su san nasa ba sai ta waya. Ina so in kai maiɗakina da yara uku mu yi mako biyu a gidansa a hutun makaranta na Disamba, su ma yaran sun matsa suna son ganin dusar ƙanƙara. Sai wani abokina ya ce zuwa ƙasar kafirai yawon buɗe ido haramun ne, balle lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara. Na riga na gama magana da ejan, zai zuba kuɗi a asusuna na 'yan makonni don takardar banki ta yi kyau wurin neman biza, in ba shi wani kaso. Hukuncin tafiyar kawai nake jira kafin in biya kuɗin jirgi.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, tafiyar da ka tambaya halal ce. Haramcin yana cikin abin da ka ambata a wucewa kamar zancen da aka gama. An bar jaki ana dukan taiki.

Kuɗin da ejan zai zuba maka ba kyauta ba ne, ba jari ba ne. Rance ne, zai koma masa cif, ka kuma ɗora masa wani abu a kai. Wannan riba ce, ko an kira ta la'ada ko kuɗin aiki, babu saɓani. Sannan ga ƙarya: za ka sa hannu cewa abin da ke cikin takardun nan gaskiya ne, alhali ka san kuɗin ba naka ba ne. Kada wani ya ce maka ai ba Musulmi ba ne za a yaudara. Biza alkawarin aminci ce, kuma malaman fiƙihu sun bayyana cewa wanda ya shiga ƙasar wasu da amincinsu ba ya halatta ya ha'ince su. A dokar Birtaniya kuwa, wanda aka kama da yaudara a takardar neman biza ana iya hana shi shiga har shekara 10, kuma kuɗin da suka faɗo asusu rana ɗaya ba tare da asali ba suna cikin abin da ma'aikatan ke bincikawa. Ejan ya karɓi kasonsa ya yi gaba, sunanka da hoton yatsunka ne za su zauna a kwamfutarsu.

Ga hanyar halal a buɗe: dokar ta yarda ɗan'uwa da ke zaune can bisa ƙa'ida ya ɗauki nauyin masauki da abincin baƙonsa. Ƙanenka ya rubuta haka da gaskiya, kai kuma ka nuna kasuwancinka yadda yake. In sun ba ka, madalla. In sun hana, ba ka yi asarar addininka ba.

Sai dai wannan batu ya sa ni tambayar kaina: mutumin da asusunsa ke buƙatar ciko, anya tafiyar nan daidai ƙarfinsa ce? Tikitin mutum biyar a Disamba, lokacin da kuɗin jirgi ya fi tsada, biza sama da fam 100 kowane kai, ga rigunan sanyi, ga tsaraba. Idan akwai bashin mutane a kanka da lokacinsa ya yi, shi ne gaba. Ba ka kuma faɗa mini ko ka sauke farali ba. Kujerar Hajji a 2025 ta haura naira miliyan takwas, kuma abin da za ka kashe a tafiyar nan ba zai yi nisa da haka ba, in ma bai wuce ba. A mazhabarmu akwai zance biyu kan ko Hajji na wajaba nan take ko da jinkiri, amma ni ba zan ba mai ikon kujera shawarar ya fara da Landan ba.

Yanzu maganar abokinka. Ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Wasu manyan malaman wannan zamani, cikinsu har da Shaikh Ibn Usaimin, Allah ya yi masa rahama, sun gindaya sharaɗi uku ga mai zuwa ƙasashen da ba na Musulmi ba: ilimin da zai kare shi daga shubuha, addinin da zai kare shi daga sha'awa, da buƙata kamar neman magani ko ilimin da babu shi a gida. Suka ce yawon buɗe ido ba buƙata ba ne. Na farko da na biyu na karɓa hannu bibbiyu. Na ukun ne ban ga hujjar da ta isa ta mayar da halal haramun ba.

Babban abin da ake kafawa shi ne hadisin Jarir ɗan Abdullahi, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya barranta daga Musulmin da ke zaune a tsakiyar mushrikai. Tirmizi da kansa ya kawo daga Bukhari cewa abin da ya inganta shi ne hadisin mursali ne, wato ba a ambaci sahabin a isnadinsa ba. Ko mun bi waɗanda suka inganta shi, a dubi dalilin faɗarsa: an aika runduna zuwa ƙabilar Khas'am, wasu Musulmi da ke cikin ƙabilar suka faɗi suna sujada don a gane su, aka kashe su cikin gaggawa, Annabi ya yi umarni a biya rabin diyyarsu. Zancen mazauna cikin mutanen da ake yaƙi da su ne. Ina haɗinsa da magidancin da ya shiga da biza zai yi mako biyu ya dawo? Ja'afar ɗan Abu Ɗalib da abokansa sun zauna a Habasha, ƙasar Kirista, ba su dawo ba sai shekara ta 7 bayan hijira, lokacin buɗe Khaibar, alhali Madina ta daɗe da kafuwa. Ba a zarge su ba.

Almajiran Risala za su ce ai Ibn Abi Zaid ya karhanta fatauci zuwa ƙasar abokan gaba. Haka ne. To a ƙarasa karanta jimlar: ya haɗa da ƙasar Sudan, wato ƙasashen baƙar fata, har da inda ni da kai muke zaune yau, domin a zamaninsa, ƙarni na 4 na hijira, galibinsu ba Musulmi ba ne. Karhanci ya ce, ba haramci ba, kuma dalilinsa tsoron kada Musulmi ya ƙasƙanta ko a hana shi addininsa. Da Wangarawa sun ɗauki shiga garin da ba na Musulmi ba a matsayin haramun, da ba su shigo Kano a zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14 ba. Hukunci yana bin dalilinsa. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kusan miliyan 3.9 a Ingila da Wales, a Landan kuwa kashi 15 cikin ɗari ne. Ga babban masallacin Regent's Park, ga na Whitechapel, maiɗakinka za ta sa hijabinta babu mai hana ta. Abin da ake yi a wasu otal-otal na biranen Musulmi a daren sabuwar shekara ma bai gaza na Landan ba, don haka ma'aunin shi ne abin da mutum zai je yi, ba sunan ƙasa ba. Saurayin da ya san gidan rawa zai nufa, tafiyar ta haramta a kansa ko Legas ce. Kai kuwa taka ma ba yawon buɗe ido zalla ba ce, sada zumunci ce.

Game da Kirsimeti, hutun makaranta ne ya kai ku, ba bikin ba. Shiga coci don addu'o'insu da raya bikin a gida da bishiya da ado ba su halatta ba. Saye a kasuwa ya halatta. An tambayi Imam Ahmad game da halartar kasuwannin da ake ci a lokutan idin Nasara a Sham, ya ce babu laifi matuƙar ba a shiga majami'unsu ba. Don haka rangwamen da kantuna ke yi ranar 26 ga Disamba ku ci abinku. In maƙwabcin ƙanenka ya miƙo kyauta ku karɓa ku yi godiya, amma a duba: kek ɗin da suke yi na wannan lokaci sau da yawa da giya ake haɗa shi, alawar yara kuma ana samun sinadarin alade a cikinta. Kasuwannin wasa irin na Hyde Park ana sayar da giya mai ɗumi a kofi kamar shayi, kada yaro ya ɗauka shayin ne. Taron wasan wuta na daren sabuwar shekara a bakin kogin Thames ba na ba ka shawarar kai 'ya'yanka, saboda maye da cunkoson maza da mata.

Abin da na fi ji muku tsoro shi ne sallah. A ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa a Landan sai ƙarfe takwas ta ɗan gota, ta faɗi huɗu saura. Azahar wajen sha biyu, La'asar kafin biyu. Mutum ya shiga kanti ɗaya da yara ya fito, salloli biyu sun wuce shi, yana jiran ladanin da ba zai ji ba. Ku riƙa fita da alwala, da jadawalin masallacin unguwa a waya. Ƙasaru da haɗa salloli na hanya ne, tsakanin Abuja da Landan. Da ka sauka da niyyar zaman da ya kai kwana huɗu, ka zama mazauni: ka cika sallah, Juma'a ma ta hau kanka. Ranar 25 ga Disamba jiragen ƙasa da motocin bas na birnin ba sa aiki, in ta faɗo Juma'a ka san masallacin da za ka taka da ƙafa tun kafin ranar. Ka sayi huffin fata tun a Kano, ku sa shi a kan cikakkiyar alwala ku riƙa shafa, kwana ɗaya da yini a wurin jumhur, wato mafi yawan malamai.

Yaran za su ga fitilu ko'ina su yi tambaya. Kada ka tsawata musu, ka ba su labarin Annabi Isa da mahaifiyarsa daga Suratu Maryam. Ka kuma shirya zukatansu tun yanzu: dusar ƙanƙara ba kasafai take sauka a Landan a Disamba ba, yayyafi da duhun wuri sun fi yawa.

Wallahu a'alam.