Me za a duba a alkawuran ɗan takarar sherif a Amurka?

Ka tambaya ko ɗan takarar sherif, wato babban jami'in tsaro da ake zaɓa a gunduma, a gundumarku zai iya cika alkawarin rage laifuka da gyara gidan yari. Fara raba abin da ke hannunsa da wanda ba ya hannunsa. Alƙali ne ke yanka kuɗin beli, majalisar gunduma ke amincewa da kasafin kuɗi. Duk wanda ya ce zai soke beli da kansa, daɗin baki ne kawai.

Gidan yarin gunduma kuwa galibi a hannun sherif yake, kuma kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a irin waɗannan gidaje ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke. Kwanakin farko su ne masu haɗari. Mai shan ƙwaya ya rasa ta farat ɗaya, ga amai ga gudawa, ruwan jikinsa ya ƙare. Mai taɓin hankali kuma yana iya halaka kansa kafin a ankara. Tambayi ɗan takarar: wa ke duba lafiyar mutum a daren da aka kawo shi? Ana ci gaba da ba shi methadone ko buprenorphine, magungunan da ke rage wahalar daina shan ƙwaya? Duk bayan minti nawa gandiroba ke leƙa ɗakin wanda ake fargabar zai cutar da kansa? Yawanci nan ake samun matsala, domin ma'aikata sun yi ƙaranci, ana haɗa musu aikin dare da na rana.

Ka kuma ji matsayinsa kan yarjejeniyar da ake kira 287(g), wadda ake ƙullawa da ICE, hukumar tarayya mai kula da shige da fice, wadda ke ba mataimakansa damar yin wasu ayyukan shige da fice.