Amsar tambayar Kawu kan wanda ya warke daga Lassa

Assalamu alaikum jama'ar gida. Kawu, ina wuni, ya kasuwa? Na saurari muryarka. Ka ce direban da ke kawo maka kaya daga Mubi zuwa nan Garwa ya yi zazzaɓin Lassa ya tashi, yanzu yana cewa shi da cutar nan sun rabu har abada. Kana tambaya, in haka ne, me ya hana a ɗebi jinin irinsu a yi wa kowa rigakafi da shi?

To Kawu, wallahi tambayar nan taka likitoci ma sun yi ta, kuma a kan Ebola ta yi amfani sosai. In mutum ya tsira daga irin wannan cuta, jininsa yakan ƙera wasu sinadaran kariya da ke gane ƙwayar cutar, kamar maigadin da ya taɓa ganin ɓarawo ido da ido. Ebola ta fara ɓulla a 1976 a Yambuku, ƙasar Kwango. Bayan shekara 40 aka koma aka gwada jinin wasu da suka tsira a lokacin, aka tarar kariyar tana nan. Shekara 40 fa, Kawu! Sannan a 1995 ta sake tashi a garin Kikwit. Wani likitan Kwango, Dakta Jean-Jacques Muyembe, shi da abokan aikinsa suka bi jinin wani mutum da ya warke a can, aka ciro sinadari guda ɗaya daga ciki, aka yi ta ƙera irinsa a ɗakin bincike. Shi ne maganin da ake kira Ebanga, Amurka ta amince da shi a 2020. Ni duk sanda na tuna cewa jinin bawan Allah guda ne ya zama maganin mutane da yawa, sai jikina ya yi sanyi. Shi ya sa nake jin zafi in na ji ana gudun wanda ya warke.

Amma ku lura, wannan magani ne na wanda ya riga ya kamu. Allurar rigakafi ita daban ce, ba da jinin kowa ake yinta ba. Ta Ebola, wato Ervebo, wata ƙwayar cutar dabbobi aka ɗauka aka raunana ta, aka liƙa mata ɓawon Ebola kawai, don jiki ya koyi gane ta ba tare da ya yi ciwon ba. A Gini aka gwada ta a 2015, lokacin annobar da ta kashe mutum sama da 11,000 a Gini da Laberiya da Saliyo, aka ba ta lasisi a 2019. Ita ma nau'i ɗaya take karewa. Da nau'in Sudan ya tashi a Yuganda a 2022, ba ta da amfani a kansa.

Lassa kuwa, wadda aka raɗa wa sunan garin Lassa na jihar Borno tun 1969, halinta daban. Sinadaran kariyar nan ba sa fitowa da wuri, sai mutum ya riga ya warke, kuma sau da yawa ba su da ƙarfi. Fararen ƙwayoyin jini ne ke yin yawancin faɗan, su kuwa ba a ɗiba a zuba wa wani. Ga shi kuma irin na Najeriya ya bambanta da na Saliyo. Shi ya sa har yau babu allurar Lassa mai lasisi, gwaji ake yi, har da wanda aka fara a Abuja a 2024. Don haka duk wanda ya zo muku da kwalba a kasuwa ya ce rigakafin Lassa ce, don Allah kada ku miƙa hannu.

Direbanka, Kawu, ka ci abinci da shi, ka shiga motarsa, babu komai. Yana da kariya, amma kada ya ɗauka an ba shi takardar wasa da ɓera, don shi ke yaɗa cutar. Ka faɗa masa a keɓe cewa ƙwayar takan zauna a maniyyi har wata uku ko fiye bayan warkewa, ya nemi shawarar likita saboda iyalinsa. Ebola ta fi ma tsanani a nan, ɓullar da ta yi a Gini a 2021 bincike ya danganta ta da jikin wanda ya warke tun annobar baya. Kuma a duba masa kunne, domin kusan mutum ɗaya cikin huɗu da suka tashi daga Lassa jinsu yakan ragu.

Mata, a rufe hatsi da garin tuwo, a daina shanya a ƙasa inda ɓeraye ke yawo da dare. Sannan akwai wadda muke da allurarta a hannu, zazzaɓin shawara, sau ɗaya ake yi ta kare mutum tsawon rai, kuma yara ana yi musu a wata tara. Yaya, Inna, ku duba katin yaranku yau, wanda ba a yi wa ba ku turo min hoton katin ta nan, zan faɗa muku ranar da za ku kawo shi.