Wane ƙamus zan fara da shi?

Tambaya: Malam, ban iya Ibrananci ko Helenanci ba, amma ina son sanin asalin kalmomin Littafi Mai Tsarki. Wane ƙamus zan nema?

Amsa: Ɗan'uwa, fara da na James Strong, wanda ya fito a 1890. Kowace kalma ya ba ta lamba, na Ibrananci kaɗai 8,674 ne, ko ba ka san haruffan ba lambar za ta kai ka. Sai dai bayaninsa gajere ne, kada ka ɗora wa'azi a kansa kaɗai.

Ni dai na fi son ƙamusun Ibrananci na Brown-Driver-Briggs na 1906. Bisa tushen kalma aka jera shi, kamar ƙamusun Larabci, kuma na sha wuya kafin na saba. Ƙamusun Latin kuwa, bari sai ka kai ga fassarar Jerome, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin.