Amsar Goggo kan maganar goyon ciki

Wa alaikumus salam ɗana. Na ga saƙonka tun jiya da daddare, na bari sai na natsu ne don maganar ba ta layi biyu ba ce. Ka ce cikin matarka ya shiga wata bakwai, na fari ne, mahaifiyarta ta aiko a kai ta gida goyon ciki, kai kuma ba ka ga amfanin wanga al'ada ba tunda ba abin da ta rasa kuma asibiti na kusa, sannan can ƙasa ka maƙala cewa kwanan nan tana yawan kuka ba dalili. Toh wannan da ka maƙala a ƙasa, nan maganar take.

Goyon ciki ba farilla ba ne, ba malamin da zai ce ka yi zunubi in ba ka kai ta ba. Amma iyayenmu ba don rashin aikin yi suka ƙirƙiro shi ba. Yarinya ce ba ta taɓa haihuwa ba, kullum jikinta da sabon abu, ga kunyar ɗan fari, mu lokacinmu ko cewa tana da ciki mace ba ta iya yi sai dai a gane a ɗaurin zani, to a gidan miji wa za ta tambaya, uwar miji? Ni cikina na farko a Rafindadi, cikin ya riƙa ɗaurewa yana saki da daddare, na yi kwana uku ido biyu ina ƙirga azarar ɗaki, na gama yanke ma kaina mutuwa zan yi ban faɗa ma kowa ba. Ranar da aka mai da ni gida Inna ta ɗora hannu bisa cikin ta yi dariya, ta ce jiki ne ke gwaji, ke ma haka kika yi mani, ta dama mani kunun tsamiya. Wallahi ranar har na makara sallar asuba.

Kai kana lissafin shinkafa da firij da janareto, ita abin da ta rasa mutum ne. Ka fita ƙarfe bakwai sai bayan isha'i, get a rufe, daga ita sai waya, kuma a wayar ba abin da take cin karo da shi sai labarin wadda ta mutu wajen haihuwa. Ka haɗa mata da rashin barci, da tunanin kuɗin ragon suna da take jin kana yi a waya, da 'yan uwanmu masu shigowa suna cewa Allah sa namiji ne kamar ita ke rabawa. Su ma zan same su.

Kuma kada ka ce shagwaɓa ce ko raunin imani. Ka buɗe Suratu Maryam aya ta 23 zuwa 26, Nana Maryam da kanta da naƙuda ta kama ta cewa ta yi ina ma ta mutu kafin wannan, ba a yi mata faɗa ba, aka ce kada ki yi baƙin ciki, ga ruwa ga dabino, ki ci ki sha ki kwantar da hankalinki. Ƙanwarka mai aikin nas ta ce mani Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mace 1 cikin 10 masu ciki na fama da ciwon damuwa, a ƙasashe irin namu ma ya fi haka. In kukan ya haura sati biyu, ba ci ba barci, ba abin da ke faranta mata, ko ta fara maganar gara ta mutu, ba a tsaya ana cewa iska ce ba, a yi addu'a kuma a faɗa ma nas wajen awo ranar nan. A duba jininta ma, ƙarancin jini kaɗai na sa mace kasala da ƙunci.

Yanzu a kai ta ko a bar ta? Ita za ka tambaya, kuma ba gaban mutane ba, don kara za ta sa ta ce duk yadda ka ce. Wata gidansu ne hutunta, wata kuma gidan cike yake da hayaniya gara a kawo mata ƙanwa ko gwaggonta su zauna tare. In ta zaɓi tafiya to awo ba ya tsayawa, tun 2016 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta koma sau 8 kafin haihuwa, ta tafi da katinta da maganin ƙarin jini da gidan sauro. Kuma ba ajiye ta za ka yi kamar kayan aro ka ɓace ba, kunyar surukai ba ta hana ka zuwa bayan magariba da 'yar tsarabarka, ko balangu ne ko goruba in ita take kwaɗayi. Maganar wankan jego da kunun kanwa kuwa zama na musamman take so da mahaifiyarta, don yawan kanwar nan likitoci sun daɗe suna cewa tana taɓa zuciyar mai jego.

Jibi in Allah ya kai mu zan biyo daga Ƙofar Ƙaura da la'asar, ka bar mu ni da ita, kai ka tafi majalisarka. Kada ka ce mata ka faɗa mani maganar kukan.