Akwatin Masu Karatu: Abin da Waya Ta Shigo da Shi Gidajenmu

Wasiƙun da suka iso wannan fili daga Bauchi da Gombe a watan nan kusan duk a kan wayar hannu da kafofin sada zumunta suka tsaya. Na zaɓi uku na taƙaita su, kuma na cire sunaye kamar yadda masu su suka roƙa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce, ina zaune a Jekadafari cikin garin Gombe. Muna da zauren dangi a WhatsApp, mun fi mu saba'in a ciki. Baffanmu, yayan mahaifina, shi ne babba a gidan yanzu, kuma duk abin da ya shigo wayarsa sai ya turo mana, daga labarin masu satar yara har zuwa hoton da aka ce jiya aka ɗauka a gari kaza. Kwanan baya ya turo muryar wani mutum yana cewa akwai haɗin ganye da ke warkar da ciwon suga cikin mako biyu, ga shi yanzu goggonmu mai fama da ciwon tana maganar ajiye maganin asibiti. Yaya zan gaya masa gaskiya ba tare da an ce na yi wa babba rashin kunya ba?

AMSA: Wa'alaikumus salam. Malama, kafin a zo kan Baffa a fara da Goggo, domin nata ne na gaggawa. Ciwon suga lallaɓa shi ake yi da magani da kula da abinci, kuma wanda ya ajiye maganinsa saboda muryar mutumin da bai taɓa gani ba yana iya wayar gari suga ya hau ya taɓa masa ido ko ƙoda, ko ya jefa shi cikin doguwar suma. Ki je gidanta da ƙafarki a cikin makon nan, ki roƙe ta kada ta bar ko ƙwaya ɗaya, kuma idan ranar ganin likitanta ta zo ki raka ta, ta tafi da ganyen ta nuna masa.

Shi kuwa Baffa, ina so ki yi masa adalci a zuciyarki kafin ki buɗe baki. Mutanen zamaninsa da rediyo suka tashi. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake magana, ga kuma Rediyon Kaduna, kuma abin da ya fito daga akwatin a wancan lokaci ya bi ta hannun mutanen da aikinsu ke nan su tantance shi kafin ya kai kunnen jama'a. Wannan amanar ce dattawanmu suka ɗauko suka ɗora wa waya, alhali ita waya ba ta da mai tsaron ƙofa. Mutum zai kulle kansa a ɗaki, ya yi sallama da salati cikin Hausa mai daɗi, ya faɗi abin da ya ga dama, kafin la'asar muryarsa ta kai Dukku da Bajoga da Azare. Baffa ba ƙarya ya yi niyyar yi ba, gani yake taimakon zuri'arsa yake yi.

Ban manta da wani dare a watan Agusta na 2014 ba, jim kaɗan bayan cutar Ebola ta shigo ƙasar nan. Kafin kiran assalatu wayata ta yi ƙara, na ɗauka na ji muryar wata innata tana haki, tana cewa in tashe yara mu yi wanka da ruwan gishiri mu kuma sha kafin rana ta fito. Na leƙa waje na ga hayaƙi a gidajen maƙwabta, kowa ya ɗora ruwa a wuta. Cutar ba ta wuce Legas da Fatakwal ba, mutum 20 ta kama, 8 suka rasu, kuma a watan Oktoba na shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an rabu da ita. Amma ruwan gishirin ya kwantar da mutane da dama a asibiti, ya kuma yi ajalin aƙalla mutum biyu, a wuraren da cutar ba ta ko kusanta ba. Innata ƙauna ce ta tashe ta a wannan daren, kamar yadda ƙauna ke sa Baffa danna maɓallin turawa.

Su kansu masu WhatsApp sun san wannan ɓarna. A 2018 jita-jitar satar yara ta sa jama'a sun kashe mutane da dama a Indiya, baƙi da matafiya waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, kuma bayan haka ne kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci ɗaya, ya faɗaɗa dokar ga duniya baki ɗaya a 2019. Saƙon da ya yi yawo da yawa kuwa za ki ga kibiya biyu a samansa, kuma tun 2020 wuri ɗaya kawai ake iya tura irinsa a lokaci guda. Wannan alama ce mai sauƙin nuna wa dattijo.

Kada ki gyara masa a cikin zaure. Gyaran babba a gaban 'ya'ya da jikoki da surukai, ko da gaskiya ce a bakinki, zai mayar da maganar ta zama ta girma da raini, a manta da ganyen da ciwon sugan. Ki je gidansa, ki gaishe shi yadda kika saba, sai hira ta yi nisa ki ce, “Baffa, mutumin nan da ya yi maganar ganye, an san ko wane ne, kuma a wane gari yake?” Yawanci shiru ne zai biyo baya, kuma shirun ya fi doguwar hujja amfani. Dattijo irinsa ya fi ki sanin ayar Suratul Hujurat da ta yi umarni da a bincika labari kafin a yi aiki da shi, ya kuma san hadisin da ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Abin da bai lura ba shi ne turawa ma faɗa ce. Ki roƙe shi alfarmar ya riƙa fara turo miki duk abin da ya shafi magani ko tashin hankali ki duba masa, kuma idan ya tabbata ba gaskiya ba ne, ki bar shi ya sanar da dangi da bakinsa.

TAMBAYA: Ni magidanci ne daga Azare. Ƙanina ya rasu a haɗarin mota a hanyar Bauchi zuwa Gombe, kusa da Alkaleri. Ina zaune a shago ina duba Facebook na ga hoton motar, na ga gawarsa a gefen titi ba a rufe ba, na gane shi da rigar da ya fita da ita. Matarsa ma a waya ta gani, tana da tsohon ciki. Har yau hoton yana yawo. Sannan abokai da muke gari ɗaya da su da yawa saƙo kawai suka rubuto. Ni ne na cika ƙorafi, ko kuwa wani abu ya lalace a cikinmu?

AMSA: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam, Allah Ya jiƙan ƙaninka, Ya sa ya huta, Ya sauki iyalinsa lafiya, Ya ba ku haƙurin rashi. Ba ka cika ƙorafi ba, an zalunce ku.

Mun gaji wata hanya ta kai labarin mutuwa wadda aka gina ta a kan tausayi. Akan nemi dattijo mai sanyin baki ya je gidan, ya fara da cewa jikin wane ya yi tsanani, a kira wata babbar mace ta zauna kusa da matar, sannan a faɗa. Sanarwar rasuwa a rediyo ma iyalan mamaci ne ke kai ta, bayan na kusa duk sun ji. Wanda ya fara isa wurin haɗari kuwa, abin da aka san shi da shi shi ne ya cire mayafi ko babbar riga ya rufa wa mamaci. Yau hannun da ya kamata ya miƙa mayafin aljihu yake fara shiga.

Akwai dalilin wannan gaggawa, kuma ya kamata jama'a su san shi. Waɗannan kafofi da talla suke samun kuɗi, saboda haka an tsara su ne su riƙa ɗaga duk abin da ya tsayar da ido, abin da aka fi tsayawa a kansa ana sharhi ana yaɗawa, kuma ba abin da ke tsayar da ido kamar jini da kuka. Tun da Facebook ya buɗe wa 'yan Najeriya ƙofar samun kuɗi da bidiyon da suke ɗorawa a 2024, wasu masu shafuka sun ƙara ƙaimi wajen rige-rigen zama na farko. Sauran jama'a kuwa, masu rubuta “Allah Ya jiƙan Musulmi” a ƙarƙashin hoton da kyakkyawar niyya, ba su san kowace addu'a da suka rubuta a wurin ƙara tura hoton gaba take yi ba. Wanda ya ga irin wannan hoto ya yi addu'arsa a zuciya, ya kai ƙarar hoton, ya wuce.

Game da hoton ƙaninka, ka rubuta wa masu shafukan da suka ɗora shi kai tsaye, cikin ladabi, ka ce kai yayansa ne kana roƙon a cire. Da yawa sukan cire idan ɗan'uwan mamaci ya yi magana. Waɗanda suka ƙi, ku taru ku kai ƙararsu ta maɓallin da aka tanada a jikin kowane rubutu. Ba zan ɓoye maka ba, abin da ya riga ya shiga wayoyin mutane ba ya gogewa gaba ɗaya, don haka a kula da matarsa, a nesanta ta da waya har ta haihu.

Ta'aziyya ta waya tana da wurinta. Ɗan'uwan da ke Legas ko Makka, ko wanda ciwo ya kwantar, idan ya kira ya yi gaisuwa ya sauke nauyi, kuma waɗannan zauruka sun sa jana'iza tana tara jama'a cikin sa'a guda. Amma wanda kuke sallah a masallaci ɗaya, kuke cin kasuwa ɗaya, ya kasa zuwa ya zauna a tabarma ko na minti goma a cikin kwana ukun zaman makoki, a ganina ya rage wa zumunci haƙƙinsa. Duk da haka ina roƙonka kada ka ƙullace su. Idan nasu ya zo, ka je da ƙafarka.

TAMBAYA: Ina sayar da atamfa da turaren wuta daga gida a Bauchi, ina saro kaya a kasuwar Wunti, ina tallata su a WhatsApp. Wani ya kira ni ya ce daga ƙungiyar mata 'yan kasuwa yake, za a yi taron tallafi, in karanto masa lambobin da suka shigo wayata. Ina karantawa WhatsApp ɗina ya rufe, aka riƙa karɓar kuɗi a hannun masu sayen kayana da sunana. Yanzu maigida ya ce in bar sana'ar waya gaba ɗaya. Mene ne mafita?

AMSA: Hajiya, Allah Ya mayar miki da alheri. Lambobi shidan nan su ne mukullin shagonki. Duk wanda zai buɗe WhatsApp a sabuwar waya da lambarki, sai an aiko da su ta saƙon tes zuwa layinki, shi ya sa ɓarawon ba shi da hanya sai ta bakinki. Tun da layin yana hannunki, ki sake shigar da lambarki a manhajar, za a aiko miki da sababbin lambobi, kuma kina sa su za a fitar da shi. Idan ya riga ya ɗora tasa lambar sirri, za ki jira kwana bakwai kafin ki shiga, amma shi ma ya fita. Da kin koma ki shiga saituna ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ki zaɓi lambar da ke kaɗai kika sani, ki kuma duba jerin na'urorin da aka haɗa da asusunki ki cire wadda ba ki sani ba. Waɗanda suka tura kuɗi su garzaya bankunansu da shaidar biya, a kuma kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC. Ki kira su ɗaya bayan ɗaya da muryarki ki ba su haƙuri, domin amanar da ke tsakaninku ita ce jarinki na gaskiya.

Maigida kuwa tsoro ne ya kama shi, kuma yana da hujja, sai dai ina roƙonsa ya sake dubawa. Matan aure a ƙasar Hausa sun daɗe suna sana'a daga cikin gida, amma a da sai an ɗora wa yarinya faranti a ka ta zaga unguwa da tasha da kasuwa, tana rasa makaranta, tana haɗuwa da abin da iyaye ba sa so. Hoton atamfa da kike ɗorawa a waya aikin wannan farantin yake yi, 'yarki kuma tana aji. A cikin duk abin da waɗannan kafofi suka kawo mana, wannan yana daga cikin waɗanda na fi yi wa murna, kuma zai zama asara a rufe shi saboda ɓarawo ɗaya. Ku zauna ku yi ƙa'ida: kada a karanta wa kowa lambar da ta shigo waya, ko da ya ce daga banki yake, kada kaya ya fita saboda hoton shaidar biya ko alat, sai kin duba asusunki kin ga kuɗin ya zauna, a sanar da masu saye cewa lambar asusunki ɗaya ce ba ta canzawa. Ki kuma sami littafi ki rubuta sunayen masu sayen kayanki da lambobinsu da bashin da ke kan kowa, ki ajiye shi a cikin akwatin atamfofin.

Wasiƙun iyaye uku da suka yi tambaya a kan 'ya'yansu da TikTok suna nan a ajiye, za su fito a wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.