Amsa: Sifilin lambar waya da ke ɓacewa a fom ɗin rajista

Malam, ka tambayi abin da ya sa fom ɗin rajistar ɗalibanku a Sakkwato yake zubar da sifilin farko na lambar waya. Laifin nau'in da ka ba gurbin lambar ne a JSON Schema, wato tsarin da ke fayyace irin bayanan da fom zai karɓa, domin ka sa integer, wato lamba ta lissafi wadda ba ta riƙe sifilin farko, alhali lambar waya ba ta lissafi ba ce. Ka mayar da shi string, wato rubutu, ka ɗora masa pattern, wato ƙa'idar siffar rubutun, mai karɓar alƙaluma 11 masu farawa da 0.

Gurbin ƙaramar hukuma kuwa, gara ka yi enum, wato ƙayyadadden jerin zaɓi, na ƙananan hukumomi 23 na jihar, in ba haka ba wani zai rubuta Wamakko, wani Wamako. Sannan ka jera guraben dole a cikin jerin da ake kira required, tunda JSON Schema ba ya tilasta cike gurbin da ba a ambata can ba.