Amsa ga mai tambaya kan kajin da ke fige juna

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin ce kajinki goma sha biyu suna fige wa ɗaya gashin baya har jini ya fito. Ki fara cire ta yau ɗin nan. Kaji in sun ga jan jini ba sa daina sara, sai su kashe mai ciwon. Ki wanke ciwon da ruwan gishiri, ki shafa shuɗin maganin ciwon nan na kemis, wato GV, yana rufe jan.

Ni ma na sha wannan a Argungu lokacin zafin Afrilu. Akurkin ya yi wa kajina kaɗan, abincin kuma dusa zalla. Mai ƙwai tana buƙatar abin gina jiki, in ta rasa sai ta koma cin gashin 'yar'uwarta. Da na fara haɗa musu dakakken ƙuli-ƙuli da garin busasshen kifi, na rataye damin ganyen zogale suna tsalle suna tsattsaga, abin ya lafa. Ki ƙara mazubin abinci da na ruwa, ki zuba musu toka da yashi su yi birgima.

In akwai guda mai tsananin mugunta, ki ware ta kwana bakwai. Allah ya sa albarka.